Algus Ya Naɗa Rawani: Magana a Kan Masu Tallar Maganin Maza

Muna neman afuwar masu karatu tun daga farko, domin maganar da za mu yi a wannan fitowa irin wadda dattawa suka saba kauce mata ce. To amma masu lasifika sun riga sun fito da ita tsakiyar titi, suna yayata ta da kalmomin da ko tsakanin miji da mata ana jin nauyin furta su. Duk mai bi ta Tina Junction da la'asar ya san abin da muke nufi. Mota ce a fake, lasifika a samanta, an buɗe but an jera kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, murya tana ta zuba ba waƙafi ba aya. Yara suna tasowa daga Islamiyya, mata suna tsaye suna jiran Keke, wani yana tafe da surukinsa, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Haka abin yake a Terminus, haka yake a tashar Bauchi Road, kuma ranar Juma'a har bakin masallaci suke biyo mu. Shirun da muke yi a kan wannan ya daɗe da tashi daga kunya, ya zama sakaci.

Batsar tana damun mu, amma ba ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ke cikin kwalbar. Mu 'yan kasuwa ne kafin komai. Da ciniki muke ci da iyali, limanci kuwa sai in babban liman ya yi tafiya ko ya ce mu shiga gaba. Ƙa'ida ta farko da kowane yaron shago yake koya ita ce mai saye ya san abin da ya saya. In masara ce zai sa hannu a buhu, in atamfa ce zai warware ya duba. Duk wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala ya san an hana algus, an hana ɓoye aibin kaya, an hana cakuɗa marar kyau da mai kyau, an kuma hana cinikin garari, wato sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Kowa kuma ya ji labarin lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tulin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, da irin tsawatarwar da ya yi masa. To wannan hatsi ne da ruwan sama ya taɓa. Ina ga kwalbar da mutum zai ɗaga ya zuba wa cikinsa, wadda shi bai san abin da ke ciki ba, yaron da ke riƙe da makirufo ma bai sani ba?

A da tallar ba ta wuce kalmomi uku: basir, sanyi, dattin mara. Duk namijin da ya ji rauni sai a ce basir ne ya cinye shi, ko kuma sanyin Jos ne ya shige shi, kamar dai iyayenmu da suka zo aikin kuza suka haifi goma goma ba a cikin wannan sanyin suka zauna ba. Yanzu an samu sabuwar kalma, ta shigo ta waya: testosteron. Samari suna ganin ta a TikTok da Facebook, masu kwalabe kuma suka cafe, saboda kalmar Turanci tana ƙara wa kaya kuɗi. Za ka ji ana cewa wannan garin yana ninka testosteron sau uku a kwana bakwai. Ka tambayi mai faɗin haka mene ne testosteron ɗin, a ina yake a jiki, da me ya auna ya ga ya ninku, sai ya ce maka ai sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bari mu faɗi abin da likitoci suka tabbatar, a taƙaice. Testosteron wani sinadari ne da Allah Ya sa marainan namiji suke samarwa, bisa umarnin wani ɗan ƙulli da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙarfafa nama da ƙashi, yana kuma da hannu a sha'awa. Yakan fi yawa a jini da sassafe, shi ya sa ake awonsa da safe, kuma likita ba ya yanke hukunci da awo ɗaya sai an maimaita. Daga wajen shekara 40 yakan riƙa raguwa kaɗan kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100 a shekara. Wannan tsarin halitta ne kamar furfura. Abubuwan da aka san suna kayar da shi da sauri su ne teɓa, ciwon suga, rashin barci, barasa, da ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin. A Jami'ar Shikago ta Amurka an taɓa hana wasu samari lafiyayyu barcin da ya wuce awa 5 har mako guda, aka tarar sinadarin ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. An buga wannan a 2011. Wato saurayin da ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyun dare, yana kallon tallar maganin ƙara testosteron, da hannunsa yake zubar da abin da yake shirin fita saye. Abu na biyu da masu talla ba za su faɗa maka ba shi ne, yawancin mazan da ke fama da raunin gaba testosteron ɗinsu lafiya lau yake. Matsalar tasu a hanyoyin jini take, ko a jijiya, ko a damuwa. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu ga wani abin da zai ba ku dariya, ko ya ba ku haushi. Daga cikin magungunan ƙara testosteron da suka yi tashe a Amurka a 'yan shekarun nan akwai wani da ake kira Fadogia agrestis. Ana zuba shi a kafso, a sa a roba mai sheƙi, a sayar da dala, wasu 'yan'uwanmu har oda suke yi a kawo musu. Kun san mene ne? Gagai ne. Baƙin gagai ɗin nan da 'yar mai ganye take ƙullawa. Wani kuma sunansa Tribulus, shi kuwa tsidau ne, ƙayar nan da ke soke mana ƙafa muna yara. Wanda suke kira fenugreek hulba ce. Kayanmu ne suka je yawo suka dawo da kwat.

Wani zai ce to ai wannan hujja ce a kan gagai yana aiki, tunda har Bature ya karɓa. Mu bi asalin labarin. Duk wannan hayaniya a kan gagai ta samo tushe ne daga binciken da wasu malaman kimiyya na Jami'ar Ilori, Dakta Yakubu da abokan aikinsa, suka buga a 2005. Ɓeraye suka ba ruwan gagai, suka ga testosteron ɗinsu ya hau, suka kuma ƙara zafin neman mata. Wannan shi ne ɓangaren da masu talla suka haddace. Abin da suka tsallake shi ne, waɗannan malamai ɗin dai sun ci gaba da aikinsu, kuma a 2008 da 2009 suka buga cewa ɓerayen da aka jera wa gagai har kwana 28 an ga alamun illa a marainansu, an kuma ga alamun lahani a hanta da ƙoda. Malaman sun yi amana, sun faɗi daɗin sun faɗi ɗacin. Mai kwalba ya ɗauki rabin farko ya jefar da rabin ƙarshe, kamar mai karanta farkon aya ya ƙi ƙarasa ta. Har yau kuma da ɓera ake kafa hujja, domin ba a yi wa gagai irin gwajin da ake yi wa magani a jikin mutane ba. Tsidau shi an gwada shi a jikin mutane, kuma galibin gwaje-gwajen ba su nuna yana ɗaga testosteron ba.

Wasu likitoci a Kalifoniya sun taɓa tattara irin waɗannan magunguna guda 50 da ake tallatawa a intanet. Kashi 90 cikin 100 suna da'awar ƙara testosteron. Da aka bi kayan haɗinsu ɗaya bayan ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka samu wani bincike da ke goyon bayan da'awar, wasu ma binciken da ke akwai ya nuna rage shi suke yi. Wannan fa a ƙasar da ake rubuta kayan haɗi a jikin roba ke nan. Namu na but ɗin mota ko suna babu, sai dai laƙabi irin na 'yan dambe.

Mun san amsar da ke bakin wasu masu karatu, don mun sha jin ta a shago: "Malam, duk wannan turanci ne, ni na sha kuma na ga aiki cikin rabin awa." Alhaji, mun yarda ka ga aiki. Wannan rabin awar ita ce ya kamata ta tsorata ka. Babu saiwar da za ta ɗaga testosteron cikin rabin awa, ko allurar asibiti ba ta nuna amfaninta sai an ɗauki makonni. Abin da ke aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya an san shi, sunansa sildenafil, wato sinadarin ƙwayar Viagra da kamfanin Pfizer ya fitar a 1998. Da ma maganin ciwon zuciya ake nema aka ci karo da wannan aikin nasa. Yana buɗe hanyoyin jini ne, babu ruwansa da testosteron. Yanzu ya yi arha, kamfanoni barkatai suna yin sa, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a daka shi a cakuɗa da garin citta da kanumfari, ko a dama shi da zuma, a ce haɗin kakanni ne.

Kada a ce zargi muke yi babu dalili. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tara jerin magungunan da ake sayarwa da sunan na itatuwa amma aka kama su da ƙwayar asibiti a ɓoye. Tsakanin 2007 da 2016 an lissafa guda 776, kusan rabinsu na ƙarfin maza ne, kuma sildenafil ne aka fi samu a ciki. A 2022 hukumar ta gargaɗi kamfanoni huɗu masu sayar da zumar maza ta cikin 'yan ledoji, bayan an auna an samu sildenafil ko ɗan'uwansa tadalafil a ciki. Irin wannan zumar mai kwali ruwan gwal da hoton kambun sarauta, wa bai gan ta a shagunanmu ba? A Singafo kuwa, cikin watanni biyar na farkon 2008, mutum 150 waɗanda ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti sugansu ya faɗi warwas. Da aka bincika, magungunan ƙarfin maza suka sha waɗanda aka gauraya da maganin ciwon suga mai ƙarfi. Bakwai suka daɗe a sume, huɗu suka mutu. Singafo ƙasa ce da ko cingam ba a sayarwa yadda aka ga dama. In haka ta faru a can, me muke tsammani a nan inda kaya ke shigowa ta kowace kafa?

Ita ƙwayar a kan kanta magani ce halal, likita yana rubuta ta ga wanda ya dace. Amma likita zai fara tambayarka me kake sha, zai auna jininka, zai gaya maka kada ka wuce miligiram 100, kada kuma ka maimaita a rana ɗaya. Wanda ya daka ta a turmi fa? Wani cokalin zai zo da kaɗan, wani ya zo da ninki. Kuma akwai magungunan ciwon zuciya, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, waɗanda in suka haɗu da sildenafil jinin mutum kan faɗi ƙasa lokaci guda, har ta kai ga rasa rai. Dattijon da ke shan irin wannan magani ba zai taɓa sayen Viagra a kemis ba, don an gargaɗe shi. Amma zai sha zuma hankalinsa kwance, tunda an ce masa ganye ne zalla. Nan ne algus yake zama kisan kai. Akwai kuma miƙewar da ba ta sauka. In ta wuce awa 4 to maganar asibiti ce ta gaggawa, in aka tsaya jin kunya har gari ya waye, ana iya rasa gaban gaba ɗaya. Wasu kwalaben kuma da barasa aka jiƙa saiwar, mutum ya sha ya ji jiki ya ɗau zafi ya ce magani ya kama, alhali da alwalarsa ya kurɓi abin da ya yi shekara hamsin yana gudu. Samarin da suka koma wa tiramadol don jinkiri su kuma sun faɗa ramin da ya fi zurfi, domin ita ce ke kashe testosteron ɗin da hannunta, ga farfaɗiya, ga kamu.

Mun ce za mu dawo kan hanyoyin jini, kuma a ganinmu nan ne babbar asarar take, ko da kwalbar ba ta da komai sai garin kuka. Hanyoyin jinin da ke zuwa gaban namiji sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2. Na zuciya sun fi su faɗi, kamar 3 zuwa 4. Idan kitse ko suga ko hawan jini suka fara lalata hanyoyin jini, ƙaramin bututu ne ke fara toshewa, kowane mai gyaran famfo zai gaya maka haka. Shi ya sa likitoci suke cewa raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Kusan rabin maza masu ciwon suga suna fama da shi, kuma da yawa ta nan ne ake fara gano suna da sugan. Ashe ke nan wannan rauni ɗan aike ne. Allah cikin rahamarSa Ya turo maka sanarwa tun da sauran lokaci, ka je a auna ka. Sai mai lasifika ya tare ɗan aiken a hanya, ya ce basir ne, kawo kuɗi. Shekara biyu, shekara uku mutum yana daga wannan kwalba zuwa waccan, sugan yana cin idonsa da ƙodarsa, jinin yana hawa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago sai mu ce farat ɗaya ne. Mu da muke wanka da sallar gawa mun tsaya a kan mutane da dama 'yan shekara arba'in da hamsin da aka ce farat ɗaya ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutum ya kautar da shi daga asibiti da ƙarya, shi ma akwai tambayar da ke jiran sa.

Wani abin da muke gani kuma, mutum yana shan maganin hawan jini sai ya lura ƙarfinsa ya ragu, sai ya watsar da maganin a ɓoye ya koma wa ƙullin gari. Gaskiya ne wasu magungunan hawan jini suna kawo haka. Amma ba iri ɗaya ba ne a duniya, in ka gaya wa likita zai iya canza maka. Jumla ɗaya ce za ka furta a ɗakin da babu kowa sai ku biyu.

Yanzu bari mu zo kan rawanin. Da a ce waɗannan mutane da sunan kasuwanci kawai suke yi, da mun bar wa hukuma. To amma da rigar addini suke shigowa. Talla takan fara da sallama da salati, a kawo falalar zuma da habbatus sauda, a rataya allo a ƙofar shago a rubuta kemis na Musulunci, kafin minti biyu kuma a zarce da siffanta al'aurar mutane. Talaka in ya ji an ambaci Annabi sai ya saki jiki, yana ganin tambaya ma rashin ladabi ne. Mu ba mu musun falalar zuma da habbatus sauda, muna da su a gidajenmu. Amma falalar zuma ba ta hau kan zumar da aka dama da ƙwaya ba, kamar yadda falalar zamzam ba ta hau kan jarkar da aka cika a famfo aka liƙa mata takarda ba. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya shiga ba da magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, in ya jawo ɓarna to lamuni yana kansa. Magabatanmu kuma ba da ka suke magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir ɗin nan da ake fakewa da shi, ya rubuta ya ajiye don masu ilimi su duba su tantance. Wanda ya gaji wannan tafarki ba zai ce maka haɗinsa sirri ne ba.

Kuma kada wani ya ɗauka shari'a tana jin kunyar wannan matsala. A mazhabarmu ta Malikiyya, mijin da ya kasa kusantar matarsa tun daga aure, in ta kai ƙara, alƙali yakan ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani. Malamai sun tattauna wannan a fili cikin littattafai, da lafazi mai tsafta, saboda haƙƙin mace ne kuma lalura ce kamar kowace lalura. Abin da ya rage mana shi ne mu da ke hawa mumbari da masu karantarwa tsakanin Magariba da Isha mu riƙa faɗin haka da irin wancan lafazi. Da yawanmu mun bar fagen, shi ya sa wanda ba shi da kunya ya zama shi kaɗai ne mai bayani.

Sai maganar lambar NAFDAC, wadda suke ɗaga kwalba suna nunawa. Da farko dai lamba ana iya buga ta a kowane shagon buga kati. Na biyu, ko ta gaskiya ce, ku duba ƙarshenta. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an sa su a jeri na ɗan lokaci bayan an duba samfurin da mai shi ya kai ba a ga guba ba. Ba shaida ce ta cewa maganin yana warkar da abin da aka ce ba, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba. Ana rubutawa da ƙananan baƙaƙe, da Turanci, a inda ido ba ya kaiwa. Sannan dokar ƙasa ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota da bakin titi, kuma kowace tallar magani sai hukuma ta amince da lafazinta kafin a sake ta. Wace hukuma ce ta amince da abin da muke ji da la'asar? A Kano hukumomi sun sha kamen masu tallar magani da batsa. A nan Jos kuwa kamar an ɗauka unguwanninmu ba su cancanci a wahala a kansu ba, mu ma kuma ba mu kai kuka ba.

Za a ce muna son toshe wa bayin Allah hanyar abinci. Mu ma abincin muke nema, mun san zafin a wuni ba a yi ciniki ba. Ba mu da faɗa da 'yar mai ganye da ke sayar da sabara da marke da sunansu, ka gani da idonka ka saya. Ba mu da faɗa da mai dabino da aya da goron Tula, abinci ne, wanda ya ga yana masa amfani ya ci. Faɗanmu da wanda ya ɓoye abin da ya zuba, ya yi alƙawarin abin da bai auna ba, ya kuma jingina ƙaryarsa ga addini. Za a kuma ce asibiti tsada, ga layi, ga wulaƙanci, wani lokacin ma likitar mace ce sa'ar 'yarka. Wannan duk gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma wanda ya lissafa abin da ya kashe a kwalabe cikin shekara zai ga ya biya kuɗin awon suga da na jini sau da yawa. Waɗannan biyun ko a ƙaramin asibitin unguwa ana yi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ka JUTH a Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, inda akwai likitocin mafitsara da wannan ne aikinsu kullum. Kuma ko an auna an ga testosteron ɗin ya yi ƙasa da gaske, allurarsa ba abin da za a je kemis a ce a yi maka ba ne, domin tana tsayar da samar da ƙwayoyin haihuwa. Saurayin da ke neman haihuwa ya je ya yi ta don ƙarin ƙarfi, ya rufe wa kansa ƙofa da kuɗinsa.

Akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau, talla ce ta sa musu ciwon. An cika musu kunne da cewa namiji sai ya yi awa guda, sai kaza sai kaza, har mai shekara 60 yana auna kansa da abin da ko yana ɗan 25 bai yi ba. Ango ya shiga ɗaki da fargaba, fargabar ta kayar da shi, gobe abokai su kai shi wajen mai but. Wani kuma bashi ne ya hana shi barci, ko kuɗin makaranta, ko rigimar da ba ta ƙarewa a garin nan, wadda duk mai zaune tsakanin Dutse Uku da Nasarawa ya san yadda take hana ido runtsawa. Jiki ba inji ba ne. Iyaye mata su ma muna roƙon su sassauta gori da habaici, domin sau da yawa kalma ɗaya a ɗaki ita ke tura Alhaji bakin mota.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Kwamitocin masallatai su hana kafa lasifikar magani a harabarsu da bakin ƙofarsu, ranar Juma'a da sauran ranaku, wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Masu unguwa da shugabannin 'yan kasuwa su rubuta wa ofishin NAFDAC na Jos takarda da sa hannun jama'a, a nemi su zo su ɗebi samfurin abin da ake sayarwa a mahaɗar nan su auna, su kuma faɗa mana sakamakon da Hausa. 'Yan'uwanmu masu shagunan kayan masarufi da suka ajiye kwalin zumar nan a ƙarƙashin kanta saboda ribarta, su tambayi wanda ya kawo musu me ke ciki, in ya kasa amsawa su mayar masa da kayansa.

Sannan muna da 'ya'ya a unguwar nan da suka karanta aikin jinya da kiwon lafiya, wasu suna bin mu salla sahu ɗaya. Na'urar awon hawan jini da ta awon suga kuɗinsu bai kai na kafet ɗaya na masallaci ba. Kwamiti ya saya, a roƙi yaran nan su ba da safiya ɗaya a wata, a keɓe wuri a gefe inda dattijo zai iya yin tambaya ba a ji ba. Awon suga ya fi kyau kafin a karya kumallo, saboda haka bayan sallar Asuba ta ranar Asabar ya fi dacewa, kafin kowa ya wuce kasuwa.